Tayoyi a Zaure

Talata, bayan la'asar

Mun dawo daga asibiti. Na ɗora tukunya na manta ban hura wuta ba, ga ni zaune da ragowar littafin makarantar Halima ina rubutu kamar wata ɗaliba. Ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa.

Sakamakon ɗan naman da suka ciro daga ƙirjin Almu ya fito. A takarda dai ina iya kiran sunansa, a bakina kuwa Baban Halima ne tun da aka kawo ni gidan nan. Wansa, Yaya Gwadabe, ya ce ya zauna a waje ya huta mu karɓo takardar, sai muka shiga mu biyu. Likita ya ce tsiro ne a huhun dama, irin wanda ke yaɗuwa. Ya faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta shi ba.

Ya tambaya ko Almu yana shan taba. Na ce ko sau ɗaya bai taɓa ba. Ya ce mece ce sana'arsa, na ce babbakar kai da ƙafa da ganda a bayan kwata. Da me yake babbakar? Da tsohuwar taya. Tun yaushe? Tun yana saurayi. Likita ya ajiye biro. Ya ce ba zai rantse cewa ita ce ta jawo ba, amma ko kusa kada ya sake tsayawa kan hayaƙin nan, kuma akwai asibiti mai injin gasa irin wannan tsiro a nesa da ya kamata a kai shi ba da jimawa ba. Ya ce a shigo da shi su yi magana. Yaya ya ce a bar mana, mu za mu gaya masa a gida cikin hikima.

Muna fitowa ya tare ni a baranda. "Sadiya, maganar ga ta tsaya nan. Ba a hwaɗa ma maras lahiya irin wannan. Ko ɗiyarki kar ta ji, kin san halin da take ciki."

Almu ya hango mu ya ce, "To, mi suka ce?"

"Sanyi ne ya kama maka ƙirji," in ji Yaya.

Almu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Mutum shina wuni bakin wuta, ta ina sanyi ya biyo?"

Muka yi dariya. Har da ni.

Laraba, hantsi

Ya sha koko rabin kofi. Ya ce na yi shiru da yawa, ko kuɗin cefane ne. Na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, bayan azahar

Masu dubiya tun safe. Ya jiki? Da sauƙi. Allah ƙara sauƙi. Amin. Wani ya tashi wani ya zauna, kowa kuma sai ya ɗora da cewa ai ya murmure, fuska ta ciko. Fuskar da nake gani tana zubewa kamar an tsame kaza daga ruwa, wai ita ce ta ciko. Na san haka ake yi, ni ma haka nake faɗa a gidan wasu, ko da na ga mutum ƙafarsa ɗaya a kabari. Ban taɓa tunanin cewa majinyaci yana iya yarda da mu ba sai yau. Almu ya yarda. Da suka watse ya miƙe ya zaga tsakar gida sau biyu, ya ce, "Kin gani? Kowa ya ga sauƙi ban da ke."

Na wanke rigarsa ta aiki da ke rataye tun da ya kwanta. Ruwa uku, duk baƙi ƙirin. Shekara da shekaru nake wanke baƙin nan ina mita saboda sabulu, ban taɓa tambayar kaina ina wanda ya shiga ciki yake zuwa ba.

Lahadi, da yamma

Tabitha maƙwabciyarmu ta dawo daga coci ta leƙo. Nas ce, mutuniyar Zonkwa, kuma ita ta fara cewa mu je a yi hoton ƙirji. Ta ja ni bakin murhu ta ce in nuna mata takardar. Na ce tana wurin Yaya. Ta kalle ni kawai, ta gane.

"Kansar huhu ce, ko?" ta ce a hankali.

Na ɗaga kai. Kuka ya zo mini na danne shi da bakin zane, don yana ɗaki.

Ta ce, "Maman Halima, wannan hayaƙi na taya ba kamar na itace kawai ba ne. Akwai guba kala-kala a ciki, ƙanana sosai, hanci ba ya tare su. Suna shiga har ƙasan huhu su zauna. Ba rana ɗaya suna kashe mutum ba, a hankali ne. Ko ke da kina wanke kaya, ko masu cin gandan, ba a tsira duka ba."

Ta ce a garinsu da ta ja shi gefe ta gaya masa, amma nan ita baƙuwa ce, ba za ta tsallake wansa ba. Ta tafi ta bar ni da sani. Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, to ni dai sanin nan bai haska mini komai ba, nauyi kawai ya ƙara mini.

Talata, bayan azahar

Na je kemis karɓo maganin tari. Yanzu duk inda na duba hayaƙi nake gani. Janareton mai walda a bakin Ƙofar Guga yana aman baƙi a fuskar mai sayar da awara. Bolar bayan makaranta tana ci da leda. Keke Napep ɗin da ke gabanmu ya tusa mana nasa har sai da na ji ɗaci a harshe. Mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya ɗaure hanci da tsumma, tsumman ya fi kwalta baƙi. Nan aka haife ni, nan na girma, ashe haka garin yake ban lura ba. Na so in tsaya tsakiyar titi in yi ihu. Na biya kuɗin babur na shigo gida.

Alhamis, hantsi

Akwai taya biyu a zaure.

Na tambaye shi, ya ce mai faci ne ya aiko, kamar kowace shekara. Babbar Sallah ta matso. Kwana ukun layya su ne kakarsa: kowane gida a unguwar nan shi suke kawo wa kan rago da ƙafafu, ya kafa wutarsa a filin ƙofar gida tun daga saukowa Idi har duhu. Tun wata guda kafin nan yake tara tayoyi.

Na ce, "Baban Halima, ai likita ya ce ka nisanci hayaƙi."

"Kahin Sallah na warke. Sanyi ne hwa. Wuta ma ai maganinshi ce."



Asabar, bayan la'asar

Na je gidan Yaya Gwadabe a Ƙofar Marusa. Na durƙusa muka gaisa, gajiya, iyali, ruwa, mai jiki, har sai da gaisuwa ta ƙare babu sauran wurin ɓuya. Na ce Almu yana tara taya.

Ya ce zai yi masa magana ya huta bana. Na ce an yi masa, amsarsa ɗaya ce, ku kuka ce sanyi ne. Na ce, "Yaya, ko dai a gaya masa?"

Ya ja carbi ya ce, "Ke ba ki ga Baba ba. Da ƙahwarshi ya tahi asibiti, shina ba'a da direba. Wani ɗan'uwanmu mai gaggawa ya hwaɗa mashi abin da aka gani. Daga ranar bai ƙara cin tuwo ba. Ba ciwon ya kashe shi ba, Sadiya, magana ce. Ni na wanke shi. Ba ni yi ma ƙanena haka. A bar shi ya yi Sallah da farin ciki, bayan Sallah mu lallaɓa shi a kai shi can, a ce mashi ƙarin bincike ne."

Idonsa ya yi ja. Ba mugu ba ne, shi ya riƙe Almu tun suna marayu, shi ya yi masa aure. Da mugu ne da na samu wanda zan yi fushi da shi na huta. Na yi godiya na taso, matarsa ta ba ni daddawa.

Lahadi, asuba

Tari tun kafin kiran salla. Yana juya mini baya in zai yi.

Litinin, bayan azahar

Halima ta kira daga Funtuwa. Cikin ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, ba za ta zo Sallah ba. Ta ce in ajiye mata ƙafar rago irin ta Baba, wadda ya kankare ta yi fes, don duk Funtuwa babu mai hannunsa. Ta ce, "Umma, muryarki fa?" Na ce mura ce. Gidan nan kowa sanyi ke damunsa.

Ita kaɗai Allah ya bar mana. Wadda nake son in yi kuka a gabanta ita ce, ita ce kuma aka ce kada ta ji. Bayan ta kashe na riƙe wayar ina kallon sunanta har hasken ya ɗauke.

Tayoyin sun kai tsayin ƙuguna. Sai na karkace nake wucewa.

Laraba, da yamma

Na yi abin kunya yau, kuma ban yi nadama ba, haushin kaina kawai nake ji don bai yi aiki ba.

Yana barcin rana na ji mai sayen tsofaffin kaya yana wucewa da kura. Na leƙa na ce ya kwashe tayoyin duka, kyauta. Ya kalle ni kamar mahaukaciya, ya loda ya yi gaba da sauri kafin in canja ra'ayi. Na share zauren tas, na tsaya ina shaƙar iska.

Da Almu ya tashi ya ga wayam, bai yi ihu ba, ba shi da numfashin ihun. Ya dafa bango ya ce, "Sadiya, mi na yi maki? Kunyar sana'ata kike ji yanzu? Da ita na aure ki. Da ita Halima ta yi makaranta."

Na ce ba haka ba ne.

"To mi ne ne?"

Ga ƙofa a buɗe, sai in shiga kawai. Fuskar Yaya ta faɗo mini, da tsohon da bai ƙara cin tuwo ba. Na ce sauro suke tarawa.

Ya yi mini kallon da bai taɓa yi mini ba, ya ɗauki waya ya kira mai faci. Kafin magariba an kawo wasu, har da ta babbar mota guda ɗaya, wadda ya ce ita kaɗai za ta yi wuni tana ci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Alhamis, hantsi

Ba ya yi mini magana sai ta dole. Ruwa. Magani. Rufe ƙofa.

Asabar, bayan azahar

Ina gyara shimfiɗa na tarar da hankici a ƙarƙashin katifa, an naɗe shi tamau. Na buɗe. Ba baƙi ba ne wannan karon.

Na wanke na shanya a bayan ɗaki inda ba ya zuwa, da ya bushe na mayar inda yake. Zai ga an wanke. Na san zai gani. Har yanzu bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa yana gadin nasa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, ko lokacin da aka kai Halima ɗakinta gidan ya yi tsit.

Litinin, da yamma

An yi ruwa. Tayoyin da ke wajen ƙofa sun cika da ruwa, ya sa na taya shi juye su. Na taya shi. Allah ka gani.

Ranar Arfa, bayan la'asar

Ina azumi, shi an hana shi saboda magani. Ya fito da wuƙaƙensa na kankara yana wasawa a bakin rijiya, yana yi yana hutawa. Ya gyara ragar ƙarfen da yake ɗorawa kan wuta. Ya aika an sayo kananzir. Fuskarsa a sake, har yana ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa, abin da rabona da ji tun kafin azumi. Mutane suna ta leƙowa: Malam Almu, gobe hwa nawa ne na farko. Alhaji na bakin masallaci ya ce sa zai yanka bana, kan sa kuwa sai Almu.

Yaya ya zo, ya ga kayan aiki, ya ce, "Almu, da ka bari bana." Almu ya ce, "Yaya, in zauna mata su yi mani dariya saboda sanyi?" Yaya ya yi murmushi ya dube ni, irin duban da ke cewa ki yi haƙuri, kwana uku ne kawai. Ya tafi.

Kwana uku a tsaye kan baƙin hayaƙi, da huhu ɗaya da rabi. Na tambayi Tabitha ta kan katanga ko zai iya. Sai ta ce in sa lambarta a saman waya.

An ce addu'ar yau ba ta faɗuwa ƙasa. Na ɗaga hannu na rasa me zan roƙa, ya ji ko kada ya ji. In na yi shiru hayaƙi ya ɗauke shi, in na yi magana ta yiwu maganar ta ɗauke shi, kuma duk dangi su ce ni ce. Gaba kura baya sayaki. Na shafa hannuna a fuska haka nan.

Ranar Sallah, bayan azahar

Na faɗa masa.

Ya dawo Idi ya cire babbar riga ya sa ta aiki. An riga an fara jera kawuna a kan buhu a ƙofar gida, ina jin muryoyin maza a waje. Ya shigo zaure ya kama babbar tayar nan zai mirgina ta, ta fi ƙarfinsa, ya tsaya yana haki da hannu a ƙirji. Ina tsaye da galan ɗin kananzir da ya ce in miƙo. Ban shirya ba. Na ajiye galan na tsaya a bakin ƙofa.

"Matsa, mutane na jira."

Na ce, "Baban Halima, ba sanyi ba ne. Ciwon daji ne a huhunka. Likita ya ce hayaƙin taya na iya zama sila, ya ce kada ka sake tsayawa kansa, kuma akwai inda za a kai ka a yi magani. Mun sani tun ranar da muka karɓo takarda."

Ya zauna a kan tayar. A waje wani yana cewa, Malam Almu, rana na yi hwa.

"Yaya ya sani?"

"Ya sani."

"Matar nan ta maƙwabta?"

"Ta sani."

Ya kalli tafin hannunsa. Na jira ya zage ni, ko ya yi salati, ko ya tambayi sauran kwana nawa. Abin da ya ce shi ne, "Da kin bar ni na yi Sallar nan."

Ya tashi ya shige ɗaki. Ni na leƙa, da mayafi a fuska, na ce wa maza su yi haƙuri su kai wani wuri, maigidan ba shi da lafiya. Wani ya ce ai jiya lafiya lau ya gan shi. Suka kwashe kawunansu suna gunaguni. Can ƙasan layi wasu samari suka kunna tasu tayar, hayaƙin ya biyo iska har tsakar gidanmu.

Washegarin Sallah, hantsi

Yaya ya zo, ya shiga wurinsa ya daɗe. Da ya fito na durƙusa na gaishe shi. Ya sa takalminsa ya ce, "Duk abin da ya same shi, kin san wanda ya yi." Bai amsa gaisuwar ba.

Almu bai ci komai ba tun jiya. Ya juya fuska bango. Na kai tuwo na ɗauko tuwo.

Ina tsoro. Ina tsoro ƙwarai.

Lahadi, magariba

Bai ci ba. Ruwa kawai.

Litinin, bayan azahar

Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ya kira sunana. Na shiga da gari a hannu. Yana zaune a bakin gado, ya rame a kwana ukun nan fiye da wata guda.

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Akwai sauran kunu?"

Na kawo. Ya sha kaɗan, ya huta, ya ƙara sha. Ni dai ina tsaye kamar an dasa ni.

"Asibitin nan da nisa?"

Na ce Tabitha ta ce wuni guda ne a mota.

"Ki ce ta tambayo mana ranar da ake ganin likita. Ki haɗa mani kaya kala uku. Ki haɗa naki." Ya tsaya tari ya lafa. "Yaya zai ce shi zai raka ni. Ki bar ni da shi. Ke za ki tahi. Kuma duk abin da za a hwaɗa, a hwaɗe shi ina wurin. In sun yi Turanci, ke za ki maida mani, yadda yake, ko mai ɗaci ne. Kin ji?"

Na ce na ji.

Ya miƙo mini kofin ya koma ya kwanta, fuska bango. Ban san ko ya yafe mini ba, ban kuma tambaya ba. Na sauko da akwati.